Saniyar da Ba Ta da Dillali: Martani Kan Tambarin Katako

Na karanta maƙalar da Malam ya rubuta a fitowar da ta gabata kan tambarin da ake bugawa a jikin katako da kayan katako, na kuma sake karantawa, domin rubutu ne na mutumin da abin ya dame shi da gaske. Abin da na fahimta shi ne, a ganin Malam, wannan ɗan zanen bishiya mai alamar maki a gefe da haruffan FSC a ƙasa sabulu ne da manyan kamfanoni ke saya su wanke hannunsu. Masu binciken da ke ba da shi a aljihun kamfanonin suke ci. Mai sayen kujera a Landan ko Balin yana ƙara kuɗi ne kawai don ya yi barci da daɗi, daji kuwa yana ci gaba da zubewa. Daga nan Malam ya yanke cewa duk mai tausayin daji ya daina sayen katakon ƙasashe masu zafi kwata-kwata, gwamnatoci su rufe dazuzzuka su zuba masu gadi, mu kuma a nan mu bar zancen domin ba namu ba ne.

A rabin farko na wannan magana ina tare da Malam fiye da yadda zai zata. Rabin ƙarshe ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari ma in ƙara masa makami, don kada a ce na ɓoye wani abu. A 2020 wata ƙungiyar bincike ta Ingila mai suna Earthsight ta fitar da rahoton cewa katakon da aka sare ba bisa ƙa'ida ba a tsaunukan Kafatiya na ƙasar Yukiren, a watannin da dokar ƙasar ta hana irin wannan sara saboda namun daji na haihuwa, ya shiga cikin kujerun da kamfanin IKEA ke sayarwa, kuma ɗauke yake da tambarin FSC. Kamfanin ya ce shi ba ya karɓar katakon haram, ya buɗe bincike, amma tabon ya riga ya zauna. A 2018 uwar ƙungiyar Greenpeace, wadda da ita aka kafa FSC, ƙungiyar da ke da tambarin, ta ƙi sabunta zamanta a ciki, tana cewa tsarin ba ya kare dazuzzuka yadda ya kamata a ƙasashen da cin hanci ya yi katutu. Maganar biyan masu bincike ma gaskiya ce tsagwaronta: kamfanin da za a bincika shi ke zaɓar wanda zai bincike shi, shi ke biyansa, kuma idan ya tsananta masa zai iya sallamarsa ya nemi wani. Akwai wata hukuma dabam da ke bin sawun masu binciken, amma wanda ya ci ladan kuturu an san abin da ke kansa. Akwai kuma wani lahani da Malam bai ambata ba. Tambarin kala uku ne. Wanda aka rubuta 100% yana nufin duk katakon daga daji mai shaida ya fito. Akwai na kayan da aka sake sarrafawa. Sai na uku, wanda ya fi yawa a kasuwa, mai rubutun Mix, wato gauraye, wanda a ƙarƙashin wani salon lissafinsa kujerar da ke hannunka tana iya zama ba ta da ko tsinke ɗaya daga daji mai shaida, kamfanin dai ya sayi adadin da ya kai a wani wurin. Duk wannan na amince.

Tambayata ga Malam ita ce: ta yaya muka san waɗannan abubuwan kunya?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu, ko Wudil ko Maigatari ko Fataskum, ya san baƙo ba ya jawo saniya ya sayar da ita kai tsaye. Sai ta hannun dillali, kuma dillalin nan ba don ciniki kawai yake cin la'ada ba. Sunansa ne jingina. In bayan mako biyu mai saniya ya bayyana ya ce tasa ce aka kora da dare, ba a neman baƙon da ya riga ya ɓace, dillali ake kamawa, shi kuma ya nemo wanda ya kawo masa. Kowa ya san akwai dillalan banza, waɗanda ɓarayi ke haɗa baki da su. An sha kama su. Amma ban taɓa jin wani mahauci mai hankali ya ce tunda ana samun dillali maƙaryaci, daga yau shi zai koma sayen shanu a bayan gari da tsakar dare daga hannun wanda bai san sunansa ba. Dillalin ƙarya ana iya tona shi domin ya yi alkawarin da za a auna shi da shi. Mai sayarwa a bayan gari bai yi wa kowa alkawari ba, saboda haka ba ya taɓa shiga jarida.

Haka tambarin nan yake. A ƙasansa akwai lamba, kowa na iya shigar da ita a rumbun bayanan ƙungiyar a intanet ya ga sunan kamfanin da ke riƙe da ita, ya ga ko shaidarsa na nan ko an dakatar. Taƙaitaccen rahoton binciken kowane daji mai shaida a buɗe yake. Daga kututture zuwa injin yanka, daga injin zuwa masana'anta, daga nan zuwa shago, kowane hannu sai ya rubuta daga wa ya karɓa, nawa ya karɓa, nawa ya fitar, kamar dai yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Masu binciken da suka tona asirin Yukiren sun bi sawun katakon ta baya har suka isa gandun da aka yi saran. Da kujerar ba ta da tambari, da babu wanda za a ɗora wa kunya.

Kunyar kuwa tana da farashi. A Romaniya, wani babban kamfanin katako na ƙasar Ostiriya mai suna Schweighofer ya daɗe ana zarginsa da karɓar gungumen sata daga dazuzzukan ƙasar, har aka ɗauki hoton bidiyo a ɓoye a 2015. Reshen ƙungiyar kare muhalli ta WWF na Jamus ya kai ƙara gaban FSC, aka kafa kwamiti, a farkon 2017 ƙungiyar ta yanke hulɗa da kamfanin baki ɗaya. Wasu manyan shagunan kayan gini na Turai suka daina ɗaukar kayansa. Sai da ya shafe fiye da shekara huɗu yana gyara yadda yake bin diddigin motocin gungume kafin a sake buɗe masa ƙofa. Malam zai ce hukuncin ya yi jinkiri, ya kuma yi sauƙi. Ban ƙi ba. Sai dai ina so ya nuna mini wata kasuwar katako marar tambari da aka taɓa yi wa wani ko rabin haka.

Ba sai mun yi nisa ba wajen ganin kamannin kasuwar da ba ta tambaya. Mun gan ta a Taraba da Kogi da Adamawa. Madobiya, wadda 'yan kasuwar waje ke kira koso, bishiya ce da makiyayi ya sani tun kaka da kakanni, domin ganyenta ke riƙe dabbobi idan rani ya tsananta. Sai masu ƙera kujerun alfarma na jan katako a ƙasar Sin suka ƙarar da irin nasu na Asiya, suka juyo Afirka ta Yamma. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen tura musu irin wannan gungume. Samari suka bar gona suka ɗauki injin sara, tireloli suka yi layi a garuruwa irin su Garba Chede, aka shiga har gefen gandun Gashaka Gumti. Mai saye a can bai tambayi daga wane daji ba, bai tambayi kaurin bishiyar ba, bai tambayi ko an bar uwa da za ta zubar da iri ba. Nawa ne kwantena, shi ke nan. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ce ba a fitar da su sai da takardar izini. A Nuwamban shekarar wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta yi zargin an sa hannu a dubban takardu bayan gungumen sun riga sun isa tashoshin jiragen ruwan Sin, kimanin gungume miliyan 1.4 na dala miliyan 300, zargin da hukumomin Najeriya suka musanta. A ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikin madobiyar Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar.

Na san Malam zai yi murmushi a nan ya ce ai ga shi na faɗa da bakina, takarda ba ta hana sata. To, a duba da kyau. An fara yi wa madobiya kisan kiyashi ne a shekarun da babu takardar da ake nema. Da takarda ta shigo ne aka sami abin da za a kama a ce wannan ƙarya ne, kuma da ita aka rufe ƙofar. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma warin a nan shi ne mai saye da ba ya tambaya. Abin da Malam ke yi wa dariya, wato mutumin da ke juya kujera yana neman tambari, shi ne ainihin abin da madobiya ta rasa.

Yanzu ga shawarar Malam ta ƙaurace wa katakon ƙasashe masu zafi. Wannan shawara ta girmi tambarin, kuma gazawarta ce ta haife shi. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyoyin kare muhalli na Turai sun yi ta kiran a daina sayen katakon Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Garuruwa da dama a Jamus da Holan suka hana amfani da shi a gine-ginen hukuma. Ostiriya ta yi doka a 1992 ta tilasta yi wa katakon ƙasashe masu zafi alama ta musamman, Maleshiya da maƙwabtanta suka yi ca a kanta suna cewa wariya ce, aka janye dokar. A 1992 ne kuma taron duniya na Riyo ya tashi ba tare da an cimma yarjejeniya mai ɗaure kowa kan dazuzzuka ba. Shi ya sa a 1993 masu kare muhalli da 'yan katako da wakilan mazauna daji suka taru a Toronto suka kafa FSC, wadda ta fara zama a Wahaka ta ƙasar Meziko kafin ta koma Bon ta Jamus. Sun lura cewa ƙauracewa tana hukunta mai sara da hankali da mai sara da hauka daidai wa daida, sannan gungumen da Turai ta ƙi ba ya komawa ya tsaya a kan kututturensa, wata kasuwar yake nufa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Binciken da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ɓacewar dazuzzuka a duniya faɗaɗa noma da kiwo ne ke jawo shi. Abokin hamayyar daji na gaske shi ne gonar kwakwar manja da waken suya da koko da makiyayar shanu. Gwamnatin da ke neman kuɗin albashi da ƙauyen da ke neman abin kai wa baki suna kallon daji ne suna lissafi: a tsaye nawa yake kawowa, a kwance nawa. Ranar da aka ce katakonsa ba ya sayuwa, lissafin ya ƙare, sai a sa masa wuta a shuka wani abu. Wanda ya ƙaurace wa katako yana shafa man kwakwar manja a burodinsa bai san ya taimaka wajen hakan ba.

Rufewa da zuba masu gadi ma an gwada, kuma a gida. Jihar Kuros Riba, inda mafi girman ragowar kurmin Najeriya yake, ta haramta saran katako a 2008 zamanin gwamna Liyel Imoke, ta kafa rundunar tsaro. Shekara goma sha biyar dokar na kan takarda, tireloli kuma ba su daina fita da dare ba. Abin da ya sauya shi ne al'ummomin da ke samun kason kuɗin sara sun daina samu, ma'aikatan gandun daji sun rasa ikon da suke da shi, cinikin ya koma hannun masu ƙarfin hali da masu uwa a gindin murhu. A 2023 sabuwar gwamnati ta ɗage haramcin. Ba ina cewa ɗagewar ta gyara komai ba. Ina cewa ne ƙofar da aka rufe da doka ba tare da an ba kowa dalilin tsaron ta ba, ta taga ake shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maƙalar Malam shi ne ko sau ɗaya bai shiga cikin daji mai shaida ya gaya wa mai karatu me ake yi a can ba. Ya tsaya a bakin shago. Bari mu shiga. A arewacin Jamhuriyar Kwango akwai yankin Kabo, wanda kamfanin CIB ya sami shaidar FSC a kansa a 2006. Kafin a sa zarto, sai ma'aikata sun bi yankin da za a sara a shekarar da ƙafa, sun ƙirga manyan bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sun auna kaurinsu, sun sa su a taswira. Wadda ba ta kai kauri ba ba a taɓa ta. Ana barin iyaye masu zubar da iri. A hekta guda bishiya ɗaya ko biyu ake ɗauka, ana kuma tsara inda za ta faɗi don kada ta murƙushe na kusa, da hanyar da za a ja ta. In an gama da yanki sai a toshe hanyar, ba a dawowa sai bayan shekara ashirin da biyar zuwa talatin. Mutanen Mbenjele, mafarautan da dajin ne gidansu, yawancinsu ba sa karatu, saboda haka aka ba su na'urar hannu mai hotuna: hoton kabari, hoton maganin gargajiya, hoton tsutsa. Akwai wata babbar bishiya, sapeli, wadda katakonta ke da tsada a Turai, kuma a kanta ne wata tsutsa da suke ci ke taruwa a lokacinta. Sai su je gindin wadda suka dogara da ita su danna hoton, ta hau taswirar kamfani, a shafa mata fenti, a bar ta. Wannan ba tausayin kamfani ba ne. Sharaɗi ne, kuma in ya karya shi kasuwarsa ta Turai ce a kan siraɗi.

Hanya ita ce masifar kurmi, fiye da zarto. Inda motar gungume ta bi, mafarauci mai bindiga da tarkon waya zai bi, naman daji ya riƙa fita gari a kan motocin kamfani. Shi ya sa ƙa'idar ta tilasta shingen bincike, da hana ɗaukar nama a mota, da samar wa ma'aikata nama da kifi a kantin sansani don kada su dogara da farauta. Ko wannan na aiki? A Afrilun 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da masana daga jami'ar Utrecht ta Holan suka jagoranta. Sun ɗaura kyamarori 474 a dazuzzukan sara 14 a Gabon da Kwango, bakwai masu shaida, bakwai marasa ita, suka tara hotuna sama da miliyan ɗaya. Manyan dabbobi masu nauyin fiye da kilo 100, irin su giwar kurmi da goggon biri, sun bayyana ninki 2.7 a dazuzzuka masu shaida. Masu matsakaicin nauyi irin su damisa, ninki biyu da rabi. Ƙananan dabbobi kuwa babu wani bambanci, abin da ke nuna farauta ce ke raba su. Don adalci, WWF na cikin waɗanda suka tallafa wa binciken, ita kuma tana cikin iyayen FSC, mai shakka yana da damar ɗaga gira. Amma giwa ba ta san wa ya sayi kyamarar ba.

A nan ma akwai inda Malam zai kama ni, kuma zan tsaya ya kama. Dajin da ba a taɓa sa masa zarto ba, ranar da aka yanka hanya a cikinsa ya sauya har abada, komai kyawun tsarin. Wannan na cikin abin da ya raba Greenpeace da FSC. Akwai dazuzzukan da ya kamata a bar su yadda Allah ya yi su, kamar gandun Nuwabale-Ndoki da ke maƙwabtaka da Kabo. Sai dai mafi yawan goggon birin yankin ba a cikin gandunan hukuma suke zaune ba, a wajensu suke, a ƙasar da gwamnatoci suka riga suka raba wa 'yan katako. Wannan ƙasar za a sare ta ko Malam ya so ko ya ƙi. Abin da ya rage a hannun mai saye shi ne wane irin sara.

Malam ya ce tsarin na manyan kamfanoni ne. Gaskiya ne cewa kuɗin bincike da tarin takardu sun fi ƙarfin ƙaramin mai daji, kuma mafi yawan dazuzzuka masu shaida a Kanada da Turai da Amurka suke, inda dama matsalar ba ta yi tsanani ba. Wannan babban gibi ne. Amma misali mafi ƙarfi da na sani na ƙauyawa ne. A lardin Peten na Gwatamala, bayan yarjejeniyar sulhun da aka yi a ƙasar a 1996, gwamnati ta ba al'ummomin yankin hayar sassan dajin Maya na shekara 25, bisa sharaɗin su sami shaidar FSC cikin shekara uku. Suna saran maɗacin Amurka kaɗan-kaɗan, suna sayar da ganyen ado da ƙaro, su ne kuma ke sintirin kashe gobara. Wasu daga cikin hayoyin sun rushe, an soke su. Waɗanda suka tsaya kuwa, hotunan tauraron ɗan'adam na nuna dajinsu kusan bai ragu ba cikin shekaru ashirin, alhali gandun hukuma na Laguna del Tigre da ke kusa, wanda doka ta hana a taɓa ko reshe a cikinsa, masu kiwon shanu da masu fataucin ƙwaya sun cinye babban ɓangarensa. Ga rufaffen daji ga daji mai shaida kafaɗa da kafaɗa, a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin gwamnati ɗaya. A Afirka ma, ƙauyukan Kilwa na Tanzaniya sun sami shaidar haɗin gwiwa a 2009 kan baƙin itacen mpingo da ake ƙera kayan busa da shi, kuɗin kuma asusun ƙauye yake shiga. Gabon kuwa, wadda ta hana fitar da ɗanyen gungume tun 2010, shugabanta na lokacin Ali Bongo ya sanar a 2018 cewa kowane kamfanin sara sai ya sami shaidar FSC. Wa'adin 2022 da ya sa ya wuce ba a cika ba, aka ɗaga. Duk da haka ba Bature ne ya yanke wannan shawara ba.

Saura maganar cewa ba namu ba ne. A nan zan faɗi abin da ya same ni. Lokacin da nake rufin ɗakina na je kasuwar 'yan katako da kafintana sayen tubaifo da tubaitu. Na tambayi mai shagon daga ina kayan suka fito, ya ce daga Kudu. Na ce wane gari, ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar direban, ya ce Alhaji, in kana so a loda maka, in ba ka so ga masu jira. Na biya aka loda. Ba na zarginsa, shi ma bai sani ba, kuma ban taɓa ganin falanki ɗaya mai tambarin FSC a kasuwanninmu ba. Wanda zai ce wa magidanci a Kano ko Zinder kada ya yi rufi sai da katako mai shaida, ya ce masa ya kwana a ruwa ne. Tambarin yana zuwa mana ne a jikin kwalin lemo da madara, da bayan wasu littattafai da takardar buga rubutu, da wasu kayan ɗaki na waje. Iyakarsa ke nan a yanzu.

Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne. Dattawan da suka yi aikin gandun daji sun san hatimin guduma da malamin daji ke bugawa a kan gungume, alamar an duba an biya, kuma gungumen da ba shi da shi na sata ne. Mun bar shi ya zama abin karɓar na goro, ba mu gyara shi ba. Nijar ta fi mu nisa a nan. Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke riƙe da dajinsa, a raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi, a ƙayyade abin da za a fitar a shekara. Mai mota ya sayi itace a irin wannan kasuwa sai a ba shi takardar da za a duba a mashigar Yamai ko Maraɗi, harajinsa ya fi sauƙi a kan na wanda ya kwaso daga dajin da ba mai kula, wani kaso na harajin kuma ya tsaya a ƙauyen. Mutanen yankin Baban Rafi sun san wannan tsari. Ya yi rauni a wurare da yawa, shingaye sun yi sakaci, itacen da ba a san asalinsa ba ya ci gaba da kwarara cikin birane. To amma da tsarin ya yi rauni, masu hankali a can shingen suka ce a gyara, ba su ce a ƙona takardun a bar kowa ya shiga da gatarinsa ba. Lambar NAFDAC, wadda ita ma a 1993 aka kafa hukumarta, ana buga ta jabu a jikin magani har gobe, kuma na tabbata Malam yana juya kwalin maganin 'ya'yansa ya duba ta kafin ya biya.

Wanda nake so maƙalar Malam ta tsaya a kansa ba magidanci mai ɗaki ɗaya ba ne. Manyan masu sayen katako a ƙasashenmu su ne gwamnatocin da ke ba da kwangilar dubban bencina da tebura na makaranta, da 'yan kwangilar rukunin gidaje, da bankuna da otal-otal da ke shigo da ƙofofi da kujeru cikin kwantena. Waɗannan suna da ƙarfin da za su rubuta a takardar kwangila cewa sai an nuna daga wane gandu katakon ya fito, da lambar izininsa, kuma kayan waje sai mai tambari, 100% in da hali. Amurka ta mayar da irin wannan tambaya doka a 2008, har kamfanin Gibson mai ƙera gita ya biya tarar dala 300,000 a 2012 kan katakon Madagaska. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2013. Mu ba mu fara tambayar ba ma, sai ga Malam yana koya wa masu karatu raina ta.

In Malam zai sake rubutu yana neman a raba masu bincike da aljihun kamfani, a riƙa jefa ƙuri'a wajen tura su, a yi gwajin kimiyya a tabbatar da asalin katako maimakon dogaro da takarda kaɗai, a rage wa ƙauyawa kuɗin shiga, a kuma daina barin tambarin gauraye ya yi kama da na 100%, to ya aiko mini in sa hannu a ƙasan nasa. Amma a cire sakin layin da ya ce duk ɗaya ne.